Darasi na 7: Injin kwashe ƙanƙara ya ƙi tafiya, ko yana karkacewa gefe

Wannan darasin na 'yan uwa ne mazauna Amurka da Kanada, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙofar gida tun Disamba har Maris. Muna magana kan injin fetur mai tayoyi biyu da ke tuƙa kansa, yawanci giya 6 gaba, ribas 2.

Kafin komai kashe inji ka cire wayar filogi. Kar ka ce ai minti ɗaya ne. Kuma kar ka tayar da shi cikin gareji a rufe, hayaƙin nan kisa yake yi ba tare da ka ji warinsa ba.

Toh, inji na ƙara lafiya lau, ka danne hannun tafiya amma ko motsi. Mutane da yawa nan take sai su ce giya ta mutu a nemo bakanike, alhali yawancin irin su Ariens da Toro ba giya irin ta mota bace a cikinsu, wani faranti ne na ƙarfe bel ke juya shi, sai ƙaramar taya mai bakin roba da ke hawa kansa tana ɗaukar juyin ta kai wa tayoyi. In ta matsa bakin faranti gudu ya ƙaru, in ta tsallaka tsakiya zuwa ɗaya ɓangaren shine ribas. Shikenan fa. (Wasu na Honda da ƙarfin mai suke tafiya, wannan bayanin bai shafe su ba.)

Fara da kebul ɗin da ya sauko daga hannu, in ya saki robar ba za ta danne faranti ba, ɗan ɗaure notinsa ka gwada. Bai yi ba? Zuƙe fetur, ka kifa injin kan bakinsa na gaba, kwance murfin ƙasa ka leƙa. In robar ta tsage ko ta cinye har ƙarfe ya kusa fitowa, canza ta. In kuwa lafiyarta ƙalau amma faranti na sheƙi da mai ko ruwa, santsi ne kawai, goge da tsumma da ruwan wanke birki. Anan ake yawan kuskure wallahi, mutum zai lafta giris a sandar da robar ke zamewa a kai don giya ta yi laushi, giris ya ɗiga kan faranti, gobe inji ya tsaya cak. Kaɗan ake shafawa da ɗan yatsa. Bel kuma in ya tsufa zaka ga ya fashe ko ya yi sako-sako.

Karkacewa gefe kuwa, duba iskar taya tukun. Sanyi na rage iska, taya ɗaya ta fi ɗaya laushi sai inji ya riƙa bin ɓangarenta, adadin iskar na rubuce jikin tayar. Sai takalman ƙarfe biyu da ke gefen baki, a daidaita tsayinsu a kan shimfiɗaɗɗen fili marar tudu da kwari kamar daɓen siminti. Duba kuma kusar da ke riƙe taya da sandarta, in ta fita tayar na juyawa ne a banza.

Injuna masu 'yan kunamu a ƙarƙashin hannu na juya kwana, in ɗaya ya maƙale sau da yawa ƙanƙara ce ta daskare a ciki. Shigar da injin wuri mai ɗumi na awa 2 ko 3 ta narke, sannan ka sake gwadawa kafin ka kwance komai.