Darasi na Bakwai: Na'urar Gano Matsalar Motar A-kori-kura

Motar a-kori-kura ta zamani tana da 'yar kwamfuta da ke lura da aikin inji, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota. Idan ta ga wani abu bai yi daidai ba, sai ta ajiye lamba a cikinta, ta kuma kunna fitila mai ruwan ɗorawa mai siffar inji a gaban direba. Na'urar da ke karanto wannan lamba ita ce sikana, kuma ita ake nufi idan aka ce za a sa wa mota kwamfuta.

Tun daga shekarar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motoci da na a-kori-kura tsari ɗaya na gano matsala mai suna OBD-II, mai soket na ramuka 16, wanda galibi yake ƙarƙashin sitiyari. Saboda haka motocin da aka shigo da su daga can, irin su Toyota Tacoma da Tundra da Ford F-150, kusan kowace sikana tana iya karanta injinsu. Hilux kuwa lamarinta daban ne, domin ba don kasuwar Amurka ake ƙera ta ba, kuma tsofaffin da aka yi wa Afirka da ƙasashen Larabawa, musamman masu shan gas, wato dizal, sau da yawa suna da soket ɗin amma ƙaramar sikana ba ta iya magana da su. Don haka kada ka biya kuɗi, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano kake ko a Panteka ta Kaduna, sai an jona na'urar a jikin motarka ka ga ta karanta da idonka.

Mafi arha ita ce 'yar ƙaramar da ake kira ELM327, wadda ke aika bayani zuwa wayar hannu ta Bluetooth, sai dai jabunta sun cika kasuwa. Ta hannu mai allo da igiyar jonawa ta fi ta juriya, ba ta kuma bukatar caji, domin daga soket ɗin take samun wuta. Waɗannan biyu yawanci inji kaɗai suke dubawa. Mai son ganin matsalar birki na ABS (tsarin da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki), da jakar iska, da giya, sai ya nemi babba irin ta Autel ko Launch, amma mai mota ɗaya da ke dakon hatsi zuwa kasuwannin ƙauye, ta hannu ta ishe shi.

Wajen aiki, ka tsayar da mota, ka kashe inji, ka jona sikana, sannan ka murɗa makulli har fitilun gaba su kama ba tare da ka tayar da inji ba. Idan allon bai kawo wuta ba, ka fara duba fis kafin ka zargi na'urar. Daga nan ka zaɓi wurin karanta lambobi, ka kwafe duk abin da ya fito a takarda, harafi da harafi.

Kowace lamba tana farawa da harafi. P na nufin inji da giya, B jikin mota, C birki da ƙafafu, U kuma sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Idan sifili ya biyo bayan harafin, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. Idan 1 ne, kamfanin ne ya tsara ta, dole a nemi fassararta bisa sunan motar.

A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi, domin lamba tana nuna wurin da ciwo yake ne kawai, ba ta faɗin abin da za a saya. P0301 tana cewa silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, amma sanadin yana iya zama fulogi, ko koyil, ko nozul, ko ma bawul. Bakanike mai hankali yakan sauya koyil ɗin silinda ta ɗaya da na ta biyu, in lambar ta koma P0302, to an kama mai laifi ba tare da an sayi komai ba. P0171 tana nufin iska ta yi wa fetur yawa, wanda tsagaggen tiyo ko sensar iska da ƙurar hunturu ta rufe ke iya jawowa. A motar gas, P0087 tana nuna ƙarfin turin mai ya yi ƙasa, kuma kafin a taɓa famfo mai tsada ya kamata a duba matatar mai, wadda gurɓataccen mai ke toshewa. Duk wanda ya ga lamba ya ce a sayo sensa nan take, bai gama bincike ba.

Sikana tana da maɓallin goge lambobi, amma gogewa ba gyara ba ce, kuma tana share bayanin da kwamfuta ta adana na zafin inji da gudun mota a lokacin da matsalar ta faru, wanda bakanike ke bukata. A goge bayan an yi gyara, a tuƙa motar na 'yan kwanaki a ga ko fitilar za ta dawo. Wasu dillalai sukan goge lambobi kafin mai saye ya iso, amma sikana tana tona wannan, domin za ta nuna cewa gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta ba su kammala ba.

Idan fitilar inji ta tsaya cak, ana iya tafiya a hankali zuwa gareji. Idan kuwa tana ƙyaftawa, man da bai ƙone ba yana kwarara cikin salansa, yana iya lalata matatar hayaƙi, saboda haka a sauke gudu, a nemi wuri a tsaya, a jona sikana kafin a ci gaba da tafiya.