Yadda ake gwada C300, 328i, IS da A4 kafin a biya dillali

Ƙanena ya zo hutun Babbar Sallah da kuɗin mota a asusunsa da sunaye huɗu a bakinsa: Mercedes C300, BMW 328i, Lexus IS da Audi A4. Tambayarsa guda ce: "Yaya, wacce ta fi gudu?" Na ce masa duk huɗun sun fi ƙarfin hanyoyin da zai bi da su, a ajiye maganar gudu tukuna. Ga yadda muka tantance su a nan Katsina.

Mataki na 1: Haɗa sa'a da sa'a

Suna ɗaya kan ɓoye motoci biyu. A cikin waɗanda ake kawowa daga Amurka, C300 ta 2008 zuwa 2012 tana da inji mai silinda 6 da ƙarfin doki 228, amma daga 2015 aka koma silinda 4 mai turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi), doki 241. Haka 328i: har 2011 silinda 6 ce ba turbo, doki 230, daga 2012 ta zama silinda 4 mai turbo, doki 240, da giya 8. IS 250 doki 204 gare ta, yayarta IS 350 kuwa 306. A4 ta 2009 tana da 211. Rubuta shekara da injin kowace a takarda, kada ka gwada tsohuwar wannan da sabuwar waccan sannan ka yanke hukunci.

Mataki na 2: Hanya ɗaya, rana ɗaya

Nemi masu motocin su yarda ka tuƙa kowace a hanya guda, da mutane biyu a baya, esi a kunne, da tsakar rana. Mu mun bi Ring Road, muka ɗan miƙe hanyar Kano, muka juyo. Abin aunawa shi ne tashin motar daga gudun kilomita 60 zuwa 100, domin shi ne abin da za ka buƙata ranar da tirela ta tare maka gaba kafin Kankiya. Taka totur ka saurara. Masu turbo sukan ɗan yi jim, sai su ture ka da ƙarfi tun injin bai ɗaga murya ba. Masu silinda 6 a hankali suke tarawa, sumul. A nan IS 250 ce kurar baya, kowa zai ji haka a jikinsa. IS 350 kuwa babu wadda ta kamo ta a cikinsu.

Mataki na 3: Kwana, rami da tudun rage gudu

A nan ake daɗewa. Shiga shataletale da gudun hankali ka lura da yadda hancin motar ke bin hannunka. BMW tayoyin baya ke tura ta, nauyinta kuma kusan rabi da rabi ne tsakanin gaba da baya, shi ya sa take shan kwana kamar ta san inda ka nufa. Injin A4 ya zauna can gaba sosai, za ka ji hancinta na son zarcewa in ka matsa mata. C300 ta fi su lallashin jiki. Lexus ba ta da hayaniya, sai dai kujerar baya ta ƙirar 2006 zuwa 2013 a matse take. Abokinmu mai tsawo da babbar riga sai da ya karkace gwiwa ya zauna.

Daga nan sauka daga kwalta, ka shiga irin layin unguwarku. Motocin nan cikinsu kusa da ƙasa yake. Haura tudun rage gudu da mutanen nan a baya: in ka ji "ƙurrr" a ƙarƙashi, to kullum sai ka ji shi. Dubi rim ɗin ma. Mai inci 18 da siririyar taya ya fi kyau a hoto, amma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi; inci 17 ya fi mana. Buɗe but ɗin BMW: galibi babu safaya, don an yi ta da tayar da ke iya ci gaba da tafiya bayan faci. In mai ita ya sauya zuwa taya ta gama-gari bai saka safaya ba, ka tuna da hanyar Daura da daddare.

Kada rubutun 4MATIC, xDrive ko quattro, wato alamar cewa duk tayoyi huɗu ke jan motar, ya sa ka ƙara kuɗi. Amfaninsu ya fi fitowa a ƙasashen ƙanƙara, mu nan ƙarin nauyi ne da shan mai. Audi ce kawai zan ware: A4 ta wancan zamani marar quattro tana zuwa da giyabos na CVT, wato atomatik marar matakan giya, ni kuwa ba na son ganinsa a gareji.

Mataki na 4: Kowace da ciwonta

Koma da sassafe kafin a tayar da injin, tare da bakanikenka da na'urar kwamfuta, ba bakaniken dillali ba. A 328i ta 2012 zuwa 2014 saurari wani siririn kuka daga sarƙar taimin, ka tambayi yaushe aka sauya famfon ruwa, domin na lantarki ne, yakan mutu ba sallama. A4 ta 2009 zuwa 2011 ta yi suna wajen shan baƙin mai. A C300 ta kafin 2015 a ɗaga ta a duba tsatsa a ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, a kuma gwada makulli sau da yawa, don makullin sitiyarinta na lantarki yakan ƙi saki, motar ta ƙi tashi. IS 250 tana tara baƙin datti a bawul, dashbod ɗinta kuma yakan yi danƙo a zafi. Ɗora tafin hannu ka ji. Sannan a binciki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a intanet, a ga ko ta taɓa hatsari ko nutsewa a ambaliya, a kuma tabbatar ita ce a takardar kwastam.

Mataki na 5: Lissafin bayan saye

Kuɗin da ka ba dillali somin-taɓi ne. Zaɓi kaya uku, shokazoba ta gaba, famfon ruwa da fitilar gaba, ka tambayi farashinsu na kowace mota a nan gari, sannan a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano. Wanda aka ce sai an aiko daga Legas, ƙara masa kwanakin da motar za ta yi a ajiye. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, shan fetur ya shiga lissafi: masu turbo sun fi tsimi, IS 350 kuwa ba ta wasa da tanki. Daga ƙarshe tambayi dillalai biyu wacce ce ba ta kwana in an kawo ta sayarwa. Amsar da muka samu Mercedes da Lexus ce.

A ra'ayina, mai son daɗin tuƙi da ke da bakaniken da ya san BMW da gaske, 328i ce tasa. Wanda ke son ya tayar ya tafi, Lexus, don masu gyaran Toyota ba sa tsoron buɗe ta. Ƙanena IS 350 ya ɗauka. Da muka fito da ita, sai da ya waiwaya ya ƙara kallon BMW ɗin, ya ce, "Yaya, amma fa waccan ta iya shan kwana."