Yadda Ake Saita Gungun Sabobi Uku da Proxmox a Inda Wuta Ba Ta Da Tabbas

Gungun sabobi na nufin kwamfutoci da yawa da aka haɗa suna aiki da tsari ɗaya, ta yadda idan ɗaya ta mutu sauran za su ɗauki nauyinta. A Kano, makaranta mai cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ko asibiti, ko kamfani mai ajiye bayanan ciniki, duk suna iya buƙatar wannan. Za mu yi amfani da Proxmox VE, tsarin sarrafa sabobi wanda aka gina a kan Debian Linux, kyauta ake sauke shi, kuma ana sarrafa shi ta burauza a tasha ta 8006. Umarnin haɗa gungun bai wuce layi uku ba. Inda aikin yake lalacewa shi ne ƙuri'a, wuta da agogo, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Ƙuri'a

Kowace na'ura a gungun tana da ƙuri'a ɗaya. Manhajar da ake kira Corosync ce take ƙirga su a kowane lokaci, kuma gungun ba ya amincewa da wani canji sai ɓangaren da yake da fiye da rabin ƙuri'u ya hallara. Idan na'urori uku ne, sai biyu suna ganin juna. Idan huɗu ne, sai uku. Idan biyu ne, sai duka biyun, wato mutuwar ɗaya ta tsayar da duk wani canji. Shi ya sa gungu mai na'urori biyu bai fi saba ɗaya aminci ba, wani lokacin ma ya fi ta rauni. Fara da uku.

Na'urar da ta rasa rinjaye tana kulle /etc/pve, ya koma sai karantawa kawai. VM, wato kwamfutocin manhaja da ake kunnawa a cikin saba, waɗanda suke aiki za su ci gaba, amma ba za ka iya kunna sabo ko canza saiti ba. Dalilin yana da kyau: idan waya ta yanke tsakanin ɓangarori biyu, kowanne ya ɗauka ɗayan ya mutu, sai su kunna VM guda a wuri biyu suna rubutu a faifai ɗaya, bayanai su dagule.

Idan kuɗi bai kai na saba ta uku ba, ƙaramar kwamfuta ko Raspberry Pi tana iya zama mai raba gardama. Sa mata corosync-qnetd, sa corosync-qdevice a sabobin biyu, sannan ka buga `pvecm qdevice setup` da adireshinta. Tana magana ta tashar TCP 5403.

Kafin ka buga umarni ko ɗaya

Ka ba kowace na'ura suna da adireshin IP na dindindin, ka rubuta su a /etc/hosts na dukansu. Ka yi shawara da kyau tun yanzu, domin canza suna ko adireshi bayan an haɗa gungu aiki ne mai wahala, sunan gungun kansa kuwa ba ya canzuwa. Sigar Proxmox ta zama ɗaya a ko'ina. Na'urar da za ta shigo gungun kada ta kasance da VM ko ɗaya, saboda za a share /etc/pve ɗinta a maye da na gungun. Idan akwai VM a cikinta, ɗauki kwafi da vzdump, ka dawo da shi bayan ta shiga.

Corosync ba ya cin data mai yawa, katin gigabit ɗaya ya ishe shi, amma ba ya jure jinkiri. Ana so saƙo ya je ya dawo cikin ƙasa da milisakan 5. Kada ka haɗa shi a waya ɗaya da ɗaukar kwafi ko ƙaurar VM. Da zarar kwafin dare ya cika wayar, saƙonnin ƙuri'a za su makara, na'urori su fara zargin juna da mutuwa alhali lafiyarsu ƙalau. Haka kuma kada ka yi tunanin ajiye saba ɗaya a Bompai, ɗaya a Sharaɗa, ka haɗa su ta rediyo ko intanet na waya. Duk su zauna a gini ɗaya. Idan akwai katangar tsaro, buɗe UDP 5405 zuwa 5412 da TCP 22 a tsakaninsu.

Haɗawa

A na'ura ta farko:

`pvecm create gungu1 --link0 10.10.10.11 --link1 10.10.20.11`

A ta biyu:

`pvecm add 10.10.10.11 --link0 10.10.10.12 --link1 10.10.20.12`

Ta uku ma haka, da adireshinta mai ƙarewa da 13. Shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kada a lokaci guda. Sai ka buga `pvecm status`, ka tabbata jimillar ƙuri'u 3 ce kuma layin Quorate yana nuna Yes. `corosync-cfgtool -s` zai nuna maka ko hanyoyin sadarwar biyu, link0 da link1, duk suna haɗe. Link0 shi ne ake bi, link1 yana jira a gefe, kuma dole ya bi ta wani suwic daban, wato akwatin da wayoyin sadarwar sabobin suke haɗuwa a cikinsa. Hanyoyi biyu a suwic ɗaya yaudarar kai ce.

Wuta

Ga kuskuren da ya fi kowanne yawa a garin nan. An saya wa sabobi UPS mai kyau, wato batirin da yake riƙe su idan an ɗauke wuta, an bar suwic a soket na bango. Aka ɗauke wuta, mai gadi ya tafi tayar da janareta, suwic ya mutu, sabobin uku suna nan a kunne amma ba mai ganin ɗan'uwansa. Kowacce ta rage da ƙuri'a ɗaya cikin uku. Idan an kunna HA, wato tsarin da yake tayar da VM a wata na'ura kai tsaye, duk sabar da take riƙe da aikin HA za ta sake kunna kanta bayan kimanin daƙiƙa 60 ba rinjaye. Da gangan aka tsara haka don kare bayanai. Sakamakon dai shi ne gungun gaba ɗaya ya faɗi saboda akwatin da bai fi cin wat 20 ba.

Maganin: suwic na link0 a UPS ɗaya, na link1 a wani. Sabobin ma a raba su, kada batir ɗaya ya riƙe ƙuri'u biyu idan da hali. In UPS biyu kawai kake da su, ka sani cewa wanda yake ɗauke da sabobi biyu shi ne ran gungun, shi za ka fi sa wa ido. Wajen saye, duba wat, kada lambar VA ta ruɗe ka, domin UPS da yawa masu 1000VA wat 600 kawai suke ɗauka. Zafi kuma yana cin batir. Batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa a duk ƙarin digiri 10 sama da 25, ga shi a watan Afrilu Kano tana haura 40. Ɗakin da ba na'urar sanyaya iska, batirinsa ba zai kai shekarun da aka rubuta a kwali ba. Lokacin hunturu kuma ƙura ce take toshe fanka, sai a riƙa hure ta akai-akai.

Sa manhajar NUT domin UPS ya sanar da sabobi su kashe kansu cikin tsari kafin batir ya ƙare. A BIOS, zaɓi na'ura ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Idan ɗaya ce kaɗai ta tashi, VM ɗinta za su tsaya jiran rinjaye. Shawarata, bar HA a kashe na makonni biyu na farko har sai wuta da wayoyi sun nuna halinsu.

Agogo

Sabobi na hannu da ake samu a Beirut Road ko Farm Centre sau da yawa ƙaramin batirin allonsu, CR2032, ya riga ya mutu. Muddin wuta tana nan ba za ka gane ba. Ranar da ta yanke gaba ɗaya, agogon ya koma shekarun baya, saitin BIOS ya goge, shiga ta burauza ya ƙi saboda takardun shaida ba su dace da lokaci ba. Canza batirin kafin ka ɗora komai. Saita yankin lokaci zuwa Africa/Lagos. Proxmox yana zuwa da chrony, manhajar daidaita agogo, tun siga ta 7, amma yana dogara da intanet. A /etc/chrony/chrony.conf na na'ura ɗaya, ƙara `local stratum 10` da `allow 10.10.10.0/24`, sauran kuma su nuna ta a matsayin tushen lokaci. Ko intanet ya yanke kwana biyu, agogonsu zai tafi tare. Duba da `chronyc sources`.

Gyara daga baya

Kada ka gyara /etc/pve/corosync.conf kai tsaye, domin duk abin da ka ajiye yana bazuwa nan take. Kwafe shi zuwa corosync.conf.new, ka gyara a can, ka ƙara ɗaya a lambar config_version, sannan ka mayar da shi a madadin corosync.conf. Idan ka manta lambar, sauran na'urori ba za su karɓi canjin ba. Wajen cire na'ura, kwashe VM ɗinta, ka kashe ta, sannan `pvecm delnode` da sunanta, kuma kada ta sake tashi a wannan hanyar sadarwa sai an sake ɗora mata manhaja. Umarnin `pvecm expected 1` yana buɗe kulle ga na'ura tilo, amma kada ka taɓa shi sai ka je da ƙafarka ka ga sauran biyun a kashe suke.

Kafin a ɗora aikin gaske, zaɓi ranar da ba kowa a ofis. Zare wayar link0 daga saba ɗaya, ka ga ƙuri'u sun tsaya a 3. Kashe suwic na farko gaba ɗaya, ka sake dubawa. Kashe saba ɗaya, ka ga saura ƙuri'u 2 kuma rinjaye yana nan. Daga ƙarshe sauke babban makunnin wuta, ka riƙe agogo, ka rubuta mintuna nawa kowane UPS ya yi kafin ya fara kuka, ka kwatanta da lokacin da ake ɗauka kafin janareta ya tashi.