Yadda za ka rage shan mai da hayaƙin mota a Kaduna

Yawancin man da ke tafiya a banza, ƙafar direba ce ke zubar da shi. A cunkoson Ahmadu Bello Way ko wajen Kawo, kada ka riƙa figar mota kana kafa birki. Taka totur a hankali, ka bar tazara, in ka hango tsayawa ka ɗaga ƙafa tun daga nesa. Mai motar giyar hannu ya sauya giya da wuri, kada injin ya yi ta kururuwa a giya biyu.

A hanyar Zariya ko Abuja, riƙe gudu tsakanin kilomita 80 zuwa 90 a awa. Da ka wuce 100, iska ce ke cinye man.

Tsayuwar da za ta wuce minti ɗaya, kashe injin. Ɗumama mota na minti goma da safe kuwa tsohon yayi ne.

Duk mako biyu ka je wurin mai faci ya auna iska da ma'auni tun taya na da sanyi, ba da bugun ƙafa ba. Adadin na rubuce a jikin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 35. Taya mai laushi na jan mota baya.

Lokacin hunturu ƙura na toshe matatar iska, sai ka yawaita duba ta. Baƙin hayaƙi daga salansa alama ce man ya yi wa iska yawa a injin, shuɗi kuma baƙin mai ne ke ƙonewa, sai bakanike. Kowace lita ta fetur da injin ya ƙona na fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama yanayi, don haka rage shan mai rage hayaƙi ne.