Yadda ake amfani da hasken UV-C wajen kare inabi daga fumfuna

Manomin inabi ya san farar fumfunar nan da take bin ganye kamar an barbaɗa masa toka, daga nan ta sauka kan 'ya'ya, fatarsu ta yi kaushi ta tsattsage tun ba su nuna ba. Masana suna kiran ta Erysiphe necator. An daɗe ana yaƙarta da farar wuta da sauran magungunan feshi, amma da yake tana saurin sabawa da magungunan zamani, masu bincike a Norway da kuma Jami'ar Cornell ta Amurka, inda David Gadoury ya jagoranci aikin, sun koma gwada haske. Hasken da ake nufi shi ne UV-C, wanda ido ba ya gani, kuma fitilun da aka fi amfani da su masu zaiba ne, suna fitar da shi a kan nanomita 254 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan).

Abu na farko da za ka riƙe shi ne lokaci, domin a nan ne aikin yake ci ko ya lalace. Hasken yana illata ƙwayar halittar fumfunar ne, sai dai ita ma tana da sinadarin da yake gyara ɓarnar, kuma wannan sinadari ba ya aiki sai ya sami shuɗin hasken da ke cikin hasken rana. Idan ka haska gonarka da hantsi, kafin la'asar fumfunar ta ɗinke abin da ka yaga. Idan kuwa ka haska da dare, ba ta da hanyar gyara, ɗan haske kaɗan wanda bai kai ya ƙona ganye ba ya isa ya kashe ta. Saboda haka ka fara bayan duhu ya shiga sosai, ka kuma gama da sauran aƙalla sa'o'i 4 kafin fitowar rana.

Ana jera fitilun ne a cikin wani ƙarfe mai siffar baka, wanda yake rufe layin inabi ta sama da gefe biyu, a sa masa faranti masu sheƙi daga baya don su mayar da haske cikin ganye, sannan tarakta ta ja shi. Akwai kuma na'ura mai tuƙa kanta, Thorvald, ta kamfanin Saga Robotics na Norway, ga mai hali.

Sai batun awo, wanda ba a yin sa da ka. A gwaje-gwajen inabi an yi aiki da jul 100 zuwa 200 (jul shi ne ma'aunin jimillar hasken da ya sauka) a kowace murabba'in mita, sau ɗaya ko sau biyu a mako. Lissafin ba shi da wuya: ƙarfin hasken da yake sauka a kan ganye, a ninka shi da yawan daƙiƙun da ganyen ya yi a ƙarƙashin fitila. A ce na'urar awo ta nuna wat 100 (wato jul 100 a kowace daƙiƙa) a murabba'in mita, tsawon bakan kuma mita 2 ne. Idan tarakta tana tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, wato kilomita 3.6 a sa'a, kowane ganye ya sami daƙiƙa 2, jul 200 ke nan. Direba ya ƙara gudu don barci ya kama shi, awon ya ragu ba tare da kowa ya sani ba. A ganina duk wanda ba zai sayi na'urar auna hasken ba, gara kada ya sayi fitilun, domin kwan fitila yana rage ƙarfi da tsufa, ƙura da sanyin dare ma suna rage shi, alhali a ido yana nan yana ci kamar sabo.

Ka fara tun ganye yana sabo, kafin ka ga fari ko ɗaya, ka kuma dage musamman daga fitar fure zuwa 'yan makonnin da ke biye, lokacin da 'ya'yan suka fi saurin kamuwa. Hasken ba ya barin komai a kan ganye da zai ci gaba da kariya, kuma ba ya kaiwa inda inuwa ta rufe, don haka sassabe ganyen da ya cunkushe nonon inabi yana cikin aikin. Kada kuma ka ajiye injin feshi gaba ɗaya. Farar fumfuna a saman ganye take zaune, shi ya sa haske yake samun ta, amma wata cutar ganyen inabi, Plasmopara viticola, tana shiga cikin naman ganyen ne, inda hasken ba ya ratsawa.

Bayan girbi ma akwai amfani, kuma a nan ne ingancin 'ya'yan yake shigowa. Ɗan hasken UV-C yana zaburar da fatar inabi ta ƙera sinadaran kare kanta, musamman resveratrol, abin da yake rage kamuwa da tokar ruɓa ta Botrytis cinerea a wurin ajiya. Sinadarin ba ya taruwa nan take, sai bayan 'yan kwanaki. Ka shimfiɗa nonon inabin ba tare da ɗaya ya hau kan ɗaya ba, ka haska, ka juya ɗaya gefen, sannan ka mayar da su wuri mai duhu da sanyi. Idan awon ya yi yawa, fatar takan yi dabbare-dabbare masu ruwan ƙasa, abin da ya fi fitowa fili a kan farin inabi, don haka ka gwada a kan kwali ɗaya ka jira kwana biyu ko uku kafin ka taɓa sauran.

Game da lafiyarka, wannan haske yana ƙona fata da ido, kuma zafin ba ya bayyana sai bayan sa'o'i, mutum ya farka yana ji kamar an zuba masa yashi a ido. Ka rufe jikinka ruf, ka sa safar hannu da garkuwar fuska, ka rataya labule a gaba da bayan bakan, ka kuma kashe fitilun kafin kowa ya matso. Ka zaɓi kwan da ba ya fitar da iskar ozon mai illa ga numfashi, wanda ya fashe kuwa a tattara shi da safar hannu saboda zaibar da ke ciki.