Yadda ake kare fentin keke mai naɗewa, sannan a ƙawata shi

Keke mai naɗewa, irin su Dahon da Brompton masu ƙananan tayoyi na inci 16 ko 20, naɗewar ce ta fi cin fentinsa, ba hanya ba. Duk ranar da ma'aikaci ya naɗe shi ya sa a bayan mota daga Sabon Gari zuwa Samaru, ƙarfe yana gugar ƙarfe a daidai inda ya goga jiya. Saboda haka kariya ce gaba, ado ya biyo baya.

Da wanki ake farawa. Ƙurar hunturu da jar ƙasar Zariya, idan aka goge su da busasshen tsumma, aikin sanfefa suke yi wa fenti. A fara kwarara ruwa, a bi da sabulu marar kaifi da tsumma mai laushi, a bar keken ya bushe a inuwa. Kada fetur ko tina su kusanci fentin, kuma kada a kai keken ga injin wankin mota, domin ƙarfin ruwan yana kora giris daga gaɓoɓinsa.

Daga nan a naɗe keken a hankali, ana lura da duk inda wani sashe ya taɓa wani, ana sa alama da alli. Galibi za a tarar da inda wayar birki ke gugar jiki, da inda feda ke kwanciya, da ƙarfen da sarƙa ke duka, da ƙarƙashin jiki inda tayar gaba ke watso tsakuwa.

Inda fenti ya riga ya ɓare, a gwada da maganaɗisu. Idan ya kama, ƙarfe ne mai tsatsa, kuma bai kamata damina ta same shi a buɗe ba. Alminiyam ya fi haƙuri. A goge wurin da sanfefa mai lamba 600, a share da sifirit, a ɗiga firaima, wato shafen farko da ke sa fenti ya kama, sannan fenti mai launin keken, siriri sau biyu. Jan farce marar launi ma yana rufe ƙaramin tabo. A ba shi awa 24.

Babban aikin shi ne manna ledar kariya, wato leda mai kauri da gam wadda ake ganin fenti ta cikinta, irin wadda ake sa wa motoci. A yanka ta ta ɗan fi wurin da aka sa wa alama faɗi, a zagaye kusurwoyinta da almakashi, domin daga kusurwa mai tsini take fara ɓantarewa. A fesa ruwa mai ɗigon sabulu, a ɗora ta, a matse daga tsakiya zuwa gefe da katin roba har ruwa da iska su fita. Inda ƙarfen ya lanƙwasa, ɗumin injin busar da gashi yana sa ta kwanta. Ina roƙon mai keke ya guje wa salatif, domin zafin bazara yana narkar da gam ɗinsa, ƙura ta manne.

Sauran jikin a shafa masa folish na mota, in dai fentin mai sheƙi ne. Amma ban da sandar sirdi, wadda santsi zai sa ta riƙa zamewa ƙasa ana cikin tafiya.

Sai ado. Masu yanka sitika na babura suna iya fitar da suna ko zanen dagi, kuma na fi son mai ƙyalli da dare, domin yana sa direba ya hangi mai keke a Kwangila bayan magariba. Dukawa kuma suna iya ɗinka rigar fata ga babban ƙarfen, sai dai a riƙa cire ta da damina, saboda fata tana riƙe danshi. Wanda zai sake fenti gaba ɗaya ya sa a kwance keken tukuna, ya kuma gaya wa mai feshi ya rufe lambar da kamfani ya buga a jikin keken da fuskokin gaɓar naɗewa, domin kaurin fenti a nan yana hana makullin gaɓar kamawa da kyau.