Kwana a bakin tabkin Naivasha: inda mutanenmu ke yin kuskure

Duk ɗan Maraɗin da ya je Kenya kallon namun daji a Masai Mara, da wuya a ƙi sauke shi kwana ɗaya ko biyu a bakin tabkin Naivasha, mai nisan kusan kilomita 90 daga Nairobi. Masaukan wurin cike suke da furanni da ciyawa shar, har mutum ya manta a daji yake. Daga nan kuskure ke farawa.

Mafi muni shi ne fita shan iska bayan isha'i. Mu da muka saba da tabkin Madarumfa, bakin ruwa wurin hira ne a gare mu. Naivasha kuwa gidan dorina ne. Da rana tana cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, wani lokaci har kusa da ɗakuna. Duk nauyin nan nata ta fi mutum gudu, kuma ba ta ƙyale wanda ya shiga tsakaninta da ruwa. In duhu ya yi, kira mai gadi ya raka ka da tocila, ko da ɗakin cin abinci za ka. Yara kuma a riƙe hannunsu. Kada ka je alwala a bakin tabki da asuba, yi ta a ɗaki.

Sai sanyi. Mutum ya baro Maraɗi cikin damina da 'yar taguwa, ya tarar watan Yuli can kamar hunturunmu ne, don wurin yana kan tudu sama da mita 1,800. Ɗauki rigar sanyi da safa.

Kilishi da dabino guzuri ne mai kyau, amma ba a cikin leda ba, domin Kenya ta haramta leda tun 2017. Zuba su a gwangwani mai murfi, ka kuma rufe taga, birai ba sa jiran a yi musu bismillah.

Maganar abinci a faɗe ta tun lokacin kama ɗaki, ba sai an kawo faranti ba. Ce musu halal kake so. In babu, kifin tabkin ya wadatar.

Sefa ba ta ciwuwa a can, canza ta zuwa dala ko yuro kafin ka tashi, ka haɗa da katin rigakafin shawara cikin fasfo.

A ganina kwanan tabki ya fi daɗi bayan an dawo daga Mara. Hanyar na cin sa'o'i, ga ƙura ga girgiza, jiki na son hutu kafin a kama hanyar filin jirgi.